Kwana 30 ba ƙari: wa'adin jingine umarnin bayan ido a matakin zartar da hukunci

A 1990 wata kotu a jihar Kerala ta ƙasar Indiya ta kori buƙatar zartar da hukunci da wani banki mai suna South Indian Bank ya shigar, saboda rashin bibiya. Bankin ya riga ya ci shari'ar bashi, abin da ya rage kawai shi ne kotu ta karɓo masa kuɗinsa. Bai dawo kan maganar ba sai a 1998, inda ya ce sai a lokacin labarin korar ya iso gare shi. Kotun farko ta tausaya ta maido da buƙatar, Babbar Kotun jihar ta goyi bayanta. Da magana ta kai Kotun Ƙolin Indiya a 2005, a shari'ar Damodaran Pillai da South Indian Bank, sai aka rushe duka biyun. Dalili ɗaya ne: doka ta ba da kwana 30, kuma ba ta ba alƙali ikon ƙara ko da yini ɗaya ba.

Abin da ke rikita mutane a nan shi ne, a yawancin matakan shari'ar da ba ta laifi ba, wanda ya makara yana iya kawo uzuri a saurare shi. Ciwo, tafiya, sakacin lauya, duk akan duba. To me ya sa da an shiga matakin zartarwa sai ƙofar ta rufe? Dokar Indiya ce ta fi fito da wannan tambaya fili, don haka a kanta wannan sharhi zai fi tsayawa.

Kalmomin da ya kamata a rarrabe

Shari'ar bashi ko ta fili ko ta gidan haya hawa biyu ce. A hawa na farko ana tantance mai gaskiya, a yanke hukunci. A na biyu, wanda ya yi nasara yakan koma kotu ya nemi a mayar da abin da ke kan takarda ya zama kuɗi a hannu ko makullin gida. Wannan shi ne zartar da hukunci, kuma a nan ne ake tsare kadara, a yi gwanjonta, a riƙe wani kaso na albashi, a fitar da mutum daga gida, wani lokaci ma a tsare shi kansa.

Umarnin bayan ido, wanda lauyoyi ke kira ex parte da harshen Latin, shi ne umarnin da alƙali ya bayar bayan ya ji ta bakin ɓangare ɗaya, ɗayan ba ya nan. Jingine shi na nufin kotun da ta bayar da shi ta janye abinta, a koma inda aka tsaya, a saurari wanda bai zo ba. Wannan daban yake da ɗaukaka ƙara. Mai ɗaukaka ƙara yana gaya wa kotu ta sama cewa alƙali ya yi kuskure. Mai neman a jingine kuwa yana gaya wa alƙalin ne da kansa: ban samu zuwa ba, ga dalilina, a ba ni dama.

Akwai kuma bambancin da ya fi kowanne jawo ruɗani, tsakanin hukuncin asali da aka yanke a bayan idon mutum, da umarnin bayan ido da aka bayar a lokacin zartarwa. Dukansu wa'adinsu kwana 30 ne a Indiya, amma ɗaya yana karɓar uzurin jinkiri, ɗayan ba ya karɓa.

Abin da ƙa'idojin suka tanada

Kundin tsarin shari'ar da ba ta laifi ba na Indiya na 1908 ne. Oda ta 21 a cikinsa, wato babi na 21 na ƙa'idojinsa, ita ce ta zartarwa, kuma ita ce mafi tsawo, da ƙa'idoji har zuwa lamba 106. Na ƙarshen, wato ta 105 da ta 106, an shigar da su ne a babban gyaran 1976, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Fabrairu, 1977.

Ƙa'ida ta 105 ta ce kotu na iya tsayar da ranar sauraron buƙatar zartarwa. Idan ranar ta zo aka kira ƙara mai buƙatar bai bayyana ba, kotu na iya korar buƙatar. Idan shi ya zo, abokin shari'arsa da aka aika wa sanarwa bai zo ba, kotu na iya ci gaba a bayan idonsa ta ba da umarnin da ta ga ya dace. Ƙa'ida ta 106 ce ta ba su duka biyun hanyar dawowa. Duk wanda abin ya faɗa wa zai iya neman a jingine, kuma idan ya gamsar da kotu cewa yana da ƙwaƙƙwaran dalilin rashin zuwa, wajibi ne ta jingine, ko da za ta ɗora masa biyan kuɗin ɗawainiya ko wani sharaɗi. Ba za a yi haka ba sai an sanar da ɗaya ɓangaren. Haka nan wannan dama ta haɗa da wanda aka aika wa takardar ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a zartar masa da hukunci, bai zo ba, aka ba da umarnin a ci gaba. Irin wannan takarda wajibi ce idan an nemi zartarwa bayan fiye da shekara 2 da yanke hukunci, ko idan magadan wanda ake bi ne za a tuntuɓa.

Sai sakin layi na uku, inda duk rigimar take. Dole a shigar da buƙatar cikin kwana 30 daga ranar umarnin. Togaciya ɗaya ce: idan umarnin na bayan ido ne, kuma ba a isar wa mutum da sanarwa yadda doka ta ce ba, to kwana 30 ɗin za su fara ne daga ranar da ya san da umarnin.

Daga yaushe ake fara ƙirga?

A ɗauka an ba da umarnin tsare gidan wani mutum ranar 3 ga Maris. Ba a lissafa ranar umarnin kanta, don haka kwana na farko shi ne 4 ga wata, na 30 kuma 2 ga Afrilu. Idan ranar ƙarshe ta faɗo a ranar da kotu ke rufe, sashe na 4 na dokar wa'adi ta 1963 ya ba shi damar shigarwa ranar da aka buɗe.

Yanzu a duba hali biyu. A na farko, ma'aikacin kotu ya kai masa sanarwa hannu da hannu, ya sa hannu, amma kwana biyu kafin zaman ya yi haɗarin mota, ya kwanta asibiti mako shida. Ya fito ranar 12 ga Afrilu da takardun likita a hannunsa. Uzurinsa na rashin halarta ba shi da makusa, sai dai bakin alƙalami ya bushe tun ranar 2 ga wata. A hali na biyu, an kai sanarwar ne tsohon adireshin da ya bari shekara uku da suka wuce, bai san komai ba sai ranar 20 ga Yuni da ya dawo ya tarar da takardar kotu manne a ƙofarsa. Shi wannan wa'adinsa daga 20 ga Yuni zai fara, ko da wata uku sun shuɗe.

Wato dai doka ba ta auna girman uzuri wajen lissafin kwanaki. Abin da take tambaya shi ne, an sanar da kai ko ba a sanar da kai ba? Shi ya sa a irin waɗannan shari'u ake shafe lokaci mai tsawo ana cacar baki kan rahoton ma'aikacin da ya kai takarda: wa ya karɓa, a wane gida, sa hannun na wane ne, kuma yaushe ainihin mutumin ya ji labari. Wanda ya ce bai sani ba sai daga baya, shi zai faɗi ranar da ya sani da yadda aka yi ya sani.

Mai bin bashi kuwa ba shi da ko wannan togaciya. Abin da Kotun Ƙoli ta bayyana a 2005 ke nan: lissafi daga ranar sani na wanda aka yi wa umarni a bayan ido ne kaɗai. Wanda ya shigar da buƙata da kansa aka kore ta, wa'adinsa daga ranar korar yake farawa, ya ji ko bai ji ba, tunda ƙararsa ce, shi ya kamata ya bi sawunta.

Me ya ɗaure hannun alƙali?

Sashe na 5 na dokar wa'adi ta 1963 shi ne mafakar masu makara a Indiya. Ya ba kotu ikon karɓar ɗaukaka ƙara ko wata buƙata bayan wa'adi ya wuce, idan an nuna gamsasshen dalili. Amma a cikin jimlar kanta majalisa ta cire buƙatun da ke ƙarƙashin Oda ta 21. Mai neman a jingine hukuncin asali yana shigowa ne ta Oda ta 9 ƙa'ida ta 13, don haka yana iya cin moriyar sashe na 5. Mai neman a jingine umarnin zartarwa ta Oda ta 21 yake shigowa, sai ya tarar an rubuta a bakin ƙofa cewa ban da shi.

Lauyoyi sun gwada wata hanyar. Sashe na 151 na kundin ya tanadi ikon da kowace kotu ke da shi na yin abin da adalci ya buƙata, ko hana a yi wasa da tsarin shari'a. Da shi ƙananan kotuna suka riƙa maido da buƙatun da suka makara. Kotun Ƙoli ta ce wannan iko na cike gurbi ne a inda doka ta yi shiru, ba ya aiki a inda ta yi magana ƙarara. Wahalar da mutum zai shiga, komai tsananinta, ba ta zama hujjar tsawaita wa'adin da majalisa ta yanke.

Wannan bai hana a samu sassaucin bai-ɗaya ba. A lokacin annobar korona Kotun Ƙoli ta cire tsakanin 15 ga Maris, 2020 da 28 ga Fabrairu, 2022 daga lissafin wa'adi a faɗin ƙasar. Amma wannan umarni ne daga sama da ya shafi kowa, ba afuwar da alƙalin ƙaramar kotu zai yi wa mutum ɗaya ba.

Asalin tsaurin

Tun a 1872 Majalisar Shari'a ta Sarauniya da ke Landan, wadda ita ce kotun ƙarshe ga Indiya a zamanin mulkin mallaka, ta lura a wata shari'a ta masarautar Darbhanga cewa wahalar mai ƙara a Indiya tana farawa ne daga ranar da ya samu hukunci. Kotunan ƙasar na maimaita wannan magana har yau. Mutum zai kwashe shekaru yana shari'a, ya yi nasara, sannan a shiga sabon babi: yau wanda ake bi bai zo ba, gobe ɗan'uwansa ya fito ya ce gidan nasa ne, jibi a ce ba a kai sanarwa daidai ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Idan aka bar kowane umarni a buɗe, ana iya dawowa a warware shi bayan shekara da uzurin ciwo, to gwanjo ba zai taɓa tabbata ba. Wa zai zuba kuɗinsa ya sayi gidan da kotu ta sayar alhali ana iya karɓewa daga baya? In masu saye suka ja baya farashi ya faɗi, asarar kuma a kan wanda ake bi bashin take komawa, domin an sayar da kadararsa da arha, bashin bai gama biyuwa ba. Wannan lissafi ne ya sa aka keɓe matakin zartarwa da wa'adi marar lanƙwasa. Neman a soke gwanjon da aka riga aka yi ma haka yake, kwana 60 daga ranar sayarwa, shi ma ba ƙari.

Matsalar jinkiri dai ba ta gushe ba. A 2021, a shari'ar Rahul Shah, Kotun Ƙoli ta umarci kotunan zartarwa su riƙa kammala aiki cikin wata 6, wanda zai wuce haka sai ya rubuta dalili. A 2025 ta sake jaddada umarnin, kuma alƙaluman da aka gabatar mata a shekarar sun nuna akwai buƙatun zartarwa sama da 800,000 da ke jibge a kotunan ƙasar.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Masu goyon bayan tsaurin na cewa wanda ake zartar wa hukunci ya riga ya samu damarsa. An kira shi, an saurare shi, yana da hanyar ɗaukaka ƙara. A wannan mataki ba a sake tambayar wa ke da gaskiya, don haka ba a bin sa da irin lallashin da ake yi a farko. Suna ƙara da cewa uzuri abu ne mai sauƙin ƙirƙira, kuma da zarar an buɗe ƙofa don mai gaskiya ɗaya, masu jan ƙafa ne za su fi cin moriyarta.

Masu suka na kallon abin ta wani ɓangaren. A matakin zartarwa ne ake taɓa mutum kai tsaye, a nan ake rasa muhalli, a nan ake shiga gidan yari. A ganinsu bai dace a ce inda cutarwa ta fi tsanani nan ne alƙali ba shi da ikon duba uzuri ba. Suna kuma nuni da cewa wanda wa'adin ya fi kamawa ba gwanin wasa da kotu ba ne, domin shi yana da lauyan da ke ƙirga masa kwanaki. Wanda ke faɗawa shi ne marar lauya, ko wanda lauyansa ya yi watsi da shi bai gaya masa ba.

Wannan saɓani ya bar alama a dokokin jihohi. Kundin ya ba Manyan Kotuna ikon yi wa ƙa'idojinsa gyara a yankunansu. Ta Andhra Pradesh ta ƙara sakin layi a ƙa'ida ta 106 da ya ce sashe na 5 zai yi aiki a kan irin wannan buƙata. Ta Madras ta saka nata sassaucin tun kafin gyaran 1976, abin da ya haifar da doguwar muhawara tsakanin alƙalanta kan ko gyaran na tarayya ya share shi ko ya bar shi. Sakamakon haka, mutum biyu masu uzuri iri ɗaya na iya samun amsa daban, gwargwadon jihar da kotunsu take.

Akwai kuma wata 'yar kafa da wasu Manyan Kotuna suka gano a cikin lafazin dokar. Ƙa'ida ta 105 tana magana ne a kan ranar da aka tsayar don sauraro. Idan an kori buƙata a ranar da aka ware don wani abu daban, misali biyan kuɗin kai sanarwa ko kawo jerin kadarori, to a fahimtarsu korar ba ta ƙarƙashin wannan ƙa'ida, wa'adin kwana 30 bai hau kanta ba, kuma kotu na iya amfani da sashe na 151. Saboda haka 'yan kalmomin da magatakarda ya rubuta a littafin zaman kotu, ko ranar ta sauraro ce ko ta cika wani sharaɗi, su kan iya raba gardama.

Yadda abin yake a Ingila da Amurka

A Ingila wa'adin ya fi gajarta amma yana lanƙwasuwa. Wanda aka ba da umarni a kansa ba tare da an sanar da shi buƙatar ba yana da kwana 7 daga ranar da aka isar masa da umarnin, sai dai kotu na da ikon tsawaita lokaci ko bayan ya wuce. A kotunan tarayya na Amurka kuwa, ƙa'ida ta 60 ta kundin tsarin shari'arsu ta ce a nemi warware hukunci ko umarni cikin lokacin da hankali zai ɗauka, kuma idan dalilin kuskure ne, ko sakaci mai uzuri, ko sabuwar hujja, ko zamba, kada ya wuce shekara 1. Ita wannan shekarar ba a ƙara ta. Kowace ƙasa ta zaɓi inda za ta kafa katangarta ne: Ingila ta bar wa alƙali, Amurka ta ba da fili mai faɗi sannan ta rufe, Indiya ta ba da wata guda ta rufe.

Abin da ya rage wa wanda wa'adi ya wuce

Ga mai bin bashi, korar buƙata ba lallai ta zama ƙarshen magana ba. Dokar wa'adi ta ba shi shekara 12 ya zartar da yawancin hukunce-hukunce, don haka idan lokacin bai ƙare ba yana iya shigar da sabuwar buƙata. Haɗarin na wurare biyu ne. Idan korar ta zo bayan shekara 12 ɗin sun cika, kuma kwana 30 suka kuɓuce, hukuncin ya zama takarda kawai. Na biyu ya shafi kadarar da aka riga aka tsare. Ƙa'ida ta 57 ta Oda ta 21 ta ce lokacin da kotu ke korar buƙata ta faɗi ko tsarewar za ta ci gaba ko ta ƙare, in kuma ta yi shiru, ana ɗauka ta ƙare. A tsakanin korar da sabuwar buƙata, wanda ake bi na iya sayar da gidan, mai hukunci ya dawo ya tarar babu abin kamawa.

Ga wanda ake bi, rasa damar jingine umarni ɗaya ba ya share sauran kariyar da doka ta ba shi. Sashe na 60 na kundin tsarin shari'a ya hana a taɓa tufafin sawa, tukwanen girki, shimfiɗar kwana da kayan aikin mai sana'ar hannu, ya kuma kare wani kaso na albashi. Tsare mutum saboda bashi ba ya wuce wata 3, kuma tun a 1980, a shari'ar Jolly George Varghese, Kotun Ƙoli ta ce talauci kaɗai ba ya kai mutum gidan yari, sai an nuna yana da halin biya ya ƙi, ko ya yi rashin gaskiya. Idan kuma kotun da ta yanke hukuncin asali ba ta da hurumin sauraron shari'ar tun farko, ana iya tayar da wannan ko a matakin zartarwa, domin irin wannan hukunci kamar babu shi ne.

Sai dai duk waɗannan hanyoyi ne masu tsawo da cin kuɗi, kuma ba ɗayansu da ke mayar da mutum ranar da aka kira sunansa ba ya nan. Umarnin da ba a ƙalubalanta a kan lokaci ba yakan ɗaure matakan da ke biye da shi, ta yadda hujjar da ya kamata a kawo kafin tsare kadara ba lallai a saurare ta ranar gwanjo ba. Shi ya sa lauyan da aka kawo wa irin wannan matsala, kafin ya tambayi dalilin rashin zuwa, yakan fara neman abu biyu daga fayil ɗin kotu: kwafin umarnin don ya ga kwanan watansa, da rahoton wanda ya kai sanarwa don ya ga sa hannun da ke jikinsa.